Malam Sa'adu Zungur: Mutumin Da Bai Ga Tutar Nijeriya Ba

A majalisarmu ta bayan La'asar a Arkilla, nan birnin Sakkwato, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun watan Agustan 2024, lokacin da wasu matasa suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna yayin zanga-zangar tsadar rayuwa. Mai karatu zai tuna an kama har da telolin da ake zargi da ɗinka tutar, kuma ranar 1 ga Nuwamba na shekarar aka gurfanar da wasu, ciki har da ƙananan yara, gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, inda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, kafin a ba da umarnin sakinsu. Wasu abokan zamana na ganin wanda ya wulaƙanta tutar ƙasarsa ya cancanci kowane hukunci, wasu kuma na ganin yunwa ce ta yi magana. Ni kuwa duk lokacin da batun ya taso, marigayi Malam Sa'adu Zungur ke faɗo mini a rai.

An haifi Malam Sa'adu a Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malamai da limamai, don haka ya ƙoshi da Larabci da fiƙihu kafin boko ya ratsa shi. Ya yi Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas. Daga bisani ya koyar da ma'aikatan kiwon lafiya a Kano da Zariya, kuma a Zariyar ya fara tara 'yan boko don tattauna al'amuran ƙasa. Ciwon ƙirji, wanda ya zame masa abokin zama har ƙarshen rayuwa, shi ya mayar da shi gida.

A Bauchi ne aka kafa majalisar tattaunawar nan ta 1943, wadda ta haɗa shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yardar Turawan mulki aka buɗe ta, kuma ta zauna lafiya muddin taɗin bai taɓa masu iko ba. Amma da aka shiga muhawara kan mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har aka kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, majalisar ta mutu. Su Malam Sa'adu ba su karaya ba, suka kafa wata ƙungiya ta ƙashin kansu. A 1948 ya koma Legas ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, amma zaman bai yi tsawo ba. Ya dawo gida ya zama jigo kuma malami ga masu ra'ayin sauyi da suka kafa NEPU a Kano a 1950.

Babban makaminsa shi ne waƙa. A Waƙar Bidi'a ya yaƙi al'adun da yake ganin sun saɓa wa addini, a Maraba da Soja ya tarbi sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa ya gargaɗi sarakuna su gyara mulkinsu, yana yi musu ishara da abin da ya sami sarakunan Indiya. Ya rasu ranar 28 ga Janairun 1958 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Sai a 1959 Taiwo Akinkunmi ya zana tutar nan mai kore da fari da kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoban 1960. Ke nan mutumin da ya ƙarar da lafiyarsa wajen neman 'yancin ƙasar nan bai taɓa ganin tutarta ba, kuma tutar da ke kaɗawa a zamaninsa, ta Ingila, ita ce yake fafutukar a sauke. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa girmama ƙyalle ba shi ne ma'aunin kishin ƙasa ba.

Ba raina tuta nake yi ba. Mu Sakkwatawa mun san nauyinta, domin tutar da Shehu Usmanu ya ba Malam Yakubu ita ce tushen masarautar da aka haifi Malam Sa'adu a cikinta. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ina kallon tuta a matsayin magana marar sauti: ɗaga ta magana ne, ƙona ta ma magana ne. Haka Kotun Ƙolin Amurka ta gani a 1989, lokacin da alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa ƙona tutar ƙasar na cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, alhali a ƙasar ana tsananta hukunci ga wanda ya kai wa mutum hari saboda launinsa ko addininsa. Wato sun bambanta taɓa alama da taɓa ɗan Adam.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi ɗaya gefen. Waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ba sarakuna kaɗai ta taɓa ba, ta yi kakkausan gargaɗi game da mamayar 'yan Kudu, da harshen da ɗan Kudu ba zai ji daɗinsa ba. Kuma Malam Sa'adu na raye aka yi rikicin Kano na Mayun 1953, wanda ya biyo bayan ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Legas, inda aƙalla mutum 36 suka mutu. Lallai baki shi ke yanka wuya.

To, a nan gizo ke saƙar. A Nuwamban 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya sake gabatar da ƙudirin hana kalaman ƙiyayya, wanda ya tanadi kisa ta hanyar rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Ƙudirin bai zama doka ba, amma tunanin da ya haife shi na nan. Na sha tambayar kaina: da irin wannan doka na aiki a 1950, ina Malam Sa'adu zai kwana? Sarki zai ce an ci mutuncinsa, ɗan Kudu zai ce an tunzura jama'a a kansa, kuma mai riƙe da madafun iko ne zai zaɓi fassarar da ta yi masa.

Hausa ta riga doka rarrabe waɗannan abubuwa. Muna da suka, da habaici, da zambo, da zagi, sannan muna da ingiza jama'a su afka wa wasu. Kalmar kalaman ƙiyayya ta tattara su duka a tukunya guda. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu 'yancin magana, Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi don kare zaman lafiya da haƙƙin wasu. A ganina takobin doka na ƙarshen nan ya dace da shi, wato wanda ya nuna wata ƙabila ko mabiya wani addini ya ce a far musu. Sauran kuwa, komai ɗacinsu, amsa suke buƙata. Sukar da Malam Sa'adu ya yi wa sarakuna nasiha ce, kaifin harshensa ga 'yan Kudu abin a yi masa raddi ne, amma babu ɗayansu da ya kai a ɗaure shi.

Yau sunansa ne a kan jami'ar Jihar Bauchi. Abin kunya ne mu karrama shi yana kabari, mu kuma gurfanar da yaran da suka yi mana tsiwa da ƙyalle. Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu, mu kuma Ya ba shugabanninmu juriyar sauraro.