Marigayi Dakta Barau Dikko, Likitan Farko Na Arewa

An haifi Dakta Russell Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin 1912. Ya yi karatun farko a makarantar Mishan ta C.M.S. ƙarƙashin kulawar Dakta Miller, ya zarce King's College ta Ikko, daga nan sai Jami'ar Birmingham ta Ingila. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita.

Cikin 1940 ya kama aikin Gwamnati a matsayin ƙaramin likita. Sai da ya shekara 13 yana fama da marasa lafiya kafin a ɗaga shi zuwa babban likita a 1953. A 1960 aka ba shi babban muƙami a sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma shi aka zaɓa shugabanta a taron Kaduna na 1949. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ƙa'idar aiki ta hana ma'aikatan Gwamnati ci gaba da riƙe ta. Dakta Dikko ya sauka daga shugabancin, ya riƙe aikinsa na likita. Sai a 1967 ya karɓi muƙamin Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki a Gwamnatin Janar Gowon, a 1971 kuma aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu cikin 1977. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna sunansa ya ci.

Rayuwarsa abin lura ce ga shugabannin aikin lafiya. Ma'aikacin ɗakin shan magani a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi ko Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, yakan wuni a kan majinyata, da dare kuma a buga masa ƙofa. Da bazara ana fargabar sanƙarau, da damina ga zazzaɓin cizon sauro, ga kuma iyalinsa suna jiransa. Shugaban da ya faro daga ƙasa kamar Dakta Dikko ya san nauyin wannan kaya. Wajibi ne ya tsara wa ma'aikaci hutu da mai canjinsa, domin hannun da ya gaji yana iya kuskuren allura, talakan da aka kawo kuwa shi zai ɗanɗana.