Max Scherr, Mai Jaridar Berkeley Barb

An haifi Max Scherr a birnin Baltimore na ƙasar Amurka cikin shekarar 1916. Ya yi karatun lauya, amma aikin bai riƙe shi ba. Daga baya ya ƙaura zuwa Berkeley, wani garin jami'a a jihar Kalifoniya, ya mallaki mashaya mai suna Steppenwolf, inda ɗalibai kan taru su yi ta gardamar siyasa.

A zamanin nan Amurka tana yaƙi a Biyetnam, ana ɗibar samari soja ko suna so ko ba su so. Matasa da yawa suka bijire. Wasu suka shiga zanga-zanga, wasu suka tara gashi, suka koma kiɗa da shan ƙwayar LSD mai juya hankali, su ne ake kira 'yan hippi. Manyan jaridu kuwa ba su cika sauraronsu ba. Ganin haka sai Scherr ya sayar da mashayarsa, ya fito da jaridar mako mai suna Berkeley Barb ran 13 ga Agusta, 1965. Yana ɗan shekara 49, ga gemu buzu-buzu, shi da kansa yake yawo kan titi yana tallarta.

Irin waɗannan jaridu ana ce musu na ƙarƙashin ƙasa, ko da yake a fili ake sayar da su. Cikin 1966 Barb da wasu jaridu huɗu suka kafa ƙungiya, suka yarda kowace ta kwafi labarin 'yar'uwarta kyauta. Wannan ya sa magana takan bazu nan da nan, har da ta ƙarya. A 1967 Barb ta buga cewa wai busasshen ɓawon ayaba yana sa maye in an sha hayaƙinsa. Zancen banza ne, amma sai da hukuma ta yi bincike kafin ta ƙaryata!

Shekarar 1969 ita ce ta fi muhimmanci. Jaridar ta yi kira a mai da wani kangon fili na jami'a wurin shaƙatawa na jama'a. Rigima ta ɓarke, 'yan sanda suka harbe mutum guda, Gwamna Ronald Reagan ya turo dakaru. Ciniki ya bunƙasa, ga kuma kuɗin tallace-tallacen batsa da suka cika shafuffukan baya. To, a nan ne abin ya ba ni mamaki: mutumin da ke zagin masu kuɗi kowane mako, ashe ma'aikatansa abin da yake biyansu bai taka kara ya karya ba. Suka yi masa yajin aiki, suka fice, suka kafa tasu jaridar, Berkeley Tribe.

Barb ba ta sake komawa yadda take ba, ta daina fitowa a 1980. Scherr ya mutu a 1981. Kofen da aka saya da 'yan sulalla a bakin titi, yanzu masu tara kayan tarihi ke nemansu, ɗakunan karatu kuma suna adana su, domin takardar mai arha ce, ta yi ja, tana marmashewa.