J.S. Tarka: Malamin Makarantar da Ya Tsaya wa Ƙananan Ƙabilu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, bana na zaɓi in kawo mana tarihin mutumin da ba Bakano ba ne, ba kuma Bahaushe ba, watau Joseph Sarwuan Tarka. Wani zai ce me ya haɗa mutumin Gaya ko na Ajingi da ɗan ƙabilar Tibi? A ganina muna cin moriyar gwagwarmayarsa kullum, ko mun sani ko ba mu sani ba.

An haifi Tarka ran 10 ga Yuli, 1932, a Igbor cikin ƙasar Tibi, a Lardin Binuwai na tsohuwar Jihar Arewa. Ya yi makarantar midil ta Katsina-Ala, ya sami horon malanta a Bauci, sa'an nan ya kama aikin koyarwa. A 1954, yana ɗan shekara 22 kacal, mutanensa suka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Ikko.

A wancan zamani Nijeriya jihohi uku ce, kowace da ƙabilar da ta fi rinjaye. Tibi da Birom da Idoma da sauransu suna fargabar cewa da zarar Turawa sun tafi, ba mai sauraron kukansu a Kaduna. A 1957 Tarka ya zama shugaban jam'iyyar UMBC, wadda ke neman a yanka wa waɗannan ƙabilu jiharsu a tsakiyar ƙasa. A wannan shekara ya halarci taron tsarin mulki a Landan, inda aka yanke shawarar kafa hukumar binciken koke-koken ƙananan ƙabilu, ƙarƙashin Sa Henry Willink.

Da hukumar ta ba da rahotonta a 1958, Tarka bai sami abin da ya nema ba, don kuwa ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Sai dai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa ɗauko samfurinsa daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1950. Haka wannan babi ya shiga tsarin mulkin 1960, kuma shi ne asalin Babi na 4 na tsarin mulkin 1999, wanda sashensa na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin asalinsa. Duniya ma ta biyo wannan hanya: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 ta kare harshe da addini da al'adun tsiraru a sashenta na 27, kuma ran 18 ga Disamba, 1992 Majalisar ta fitar da sanarwa ta musamman a kansu.

Tarka bai sha da daɗi ba. An yi tarzoma a ƙasar Tibi a 1960 da 1964, aka yi asarar rayuka masu yawa. A 1962 an kama shi tare da su Cif Awolowo bisa tuhumar cin amanar ƙasa, amma kotu ta sallame shi. Daga baya ya haɗa kai da NEPU ta Malam Aminu Kano, suka shiga zaɓen 1964 a ɓangare guda, domin talakan Kano da manomin Gboko duk suna kuka da danniyar En'e.

Ran 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12. Ranar da aka haifi Jihar Binuwai-Filato, ran nan aka haifi Jihar Kano. Ke nan jihar da nake wa aiki a yau tana cikin 'ya'yan itacen da su Tarka suka dasa. Gowon ya naɗa shi kwamishinan sufuri na tarayya, daga baya na sadarwa, har 1974 da ya ajiye aiki sakamakon zargin cin hanci da aka yi masa. A 1979 ya zama sanata a jam'iyyar NPN. Ya rasu a Landan ran 30 ga Maris, 1980, yana da shekara 47. Jami'ar aikin gona ta Makurɗi tana ɗauke da sunansa.

To, ina darasinmu? Mu da muke da rinjaye a gida, tsiraru ne a wani wuri. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka zauna gindin Dala ma daga Gaya suka taso neman tama, kuma har gobe mutanenmu na fatauci a Ikko da Fatakwal da Kumasi. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango na cikin waɗanda suka kwaso kaya suka dawo. Dokar da ke kare ɗan Tibi a Sabon Garin Kano, ita ce ke kare ɗan Ajingi a Agege.

Saboda haka ina kira gare mu, musamman masu riƙe da ofis, in takardar Bamaguje ko ta baƙo ta zo teburinmu, mu dubi cancanta, kada mu dubi suna. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.