Marigayi Rashidi Yekini, Ɗan Kaduna Mai Ƙwallaye 37

Da za a gina zaure guda a ƙasar nan domin ajiye sunaye da riguna da takalman gwanayen tamaula, yadda waɗansu ƙasashe suke yi, a ce kuma ba mai shiga sai wanda aka tantance, to, gardamar farko ita ce wane ne zai riga kowa shiga. Dattawa za su ce Teslim Balogun, waɗansu su ce Segun Odegbami, na baya-bayan nan kuwa su ce Nwankwo Kanu. A ganinmu marigayi Rashidi Yekini ne, tarihin rayuwarsa kuwa shi ne hujja.

An haifi Rashidi a Kaduna ran 23 ga watan Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, asalinsu garin Ira cikin Jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya buɗe ido, ya tashi da Hausa a bakinsa kamar sauran yaran gari. Kaduna ta wancan zamani garin masaƙu ce. A Kakuri dubban ma'aikata ne suke shiga suna fita dare da rana, manyan kamfanoni kuma sukan riƙe kulob na tamaula domin suna da kuma nishaɗin ma'aikatansu. A kulob ɗin masaƙar UNTL ne Rashidi ya fara wasa sosai, wajen shekarar 1981. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga gudu, ga ƙafa mai nauyi. Ba shi da yawan yanka da ado irin na masu burge 'yan kallo. Abin da ya sani shi ne ya tsere wa mai tsaronsa, ya fuskanci gola, ya sake ta.

Ba a daɗe ba labarinsa ya kai Badun, kulob ɗin Shooting Stars ya ɗauke shi. Yana cikin 'yan wasan da suka kai kulob ɗin wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. Daga nan ya koma Abiola Babes, kulob ɗin Cif M.K.O. Abiola a Abekuta, sa'an nan a 1987 ya ƙetare zuwa Africa Sports ta birnin Abijan a Kwaddebuwa, hanyar da 'yan wasan Nijeriya da dama suka bi a lokacin kafin su isa Turai.

Turai kuwa bai isa can da wuri ba. Yana da shekara 26 da 'yan watanni ya sauka a Fotugal a 1990, kuma ba Benfica ko Porto ko Sporting ne suka saye shi ba, watau manyan ukun da suka saba raba kofunan ƙasar a tsakaninsu. Vitoria ce ta garin Setubal, wani garin masunta a kudu da Lisbon. A shekararsa ta farko ma kulob ɗin faɗuwa ya yi zuwa rukuni na biyu. Wani da ya tattara nasa ya nemi gaba. Rashidi ya zauna. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34, ya fid da kulob ɗin daga ramin da ya faɗa, a kaka ta biye kuma ya ci 21 a rukuni na ɗaya, ya fi kowa a duk ƙasar. Aka ba shi Ƙwallon Azurfa, kyautar da Eusebio ya sha ɗauka a zamaninsa. Mai son ya gane nauyin wannan abu sai ya tuna cewa maciyin ƙwallo a ƙaramin kulob ba ya samun rabin damar da takwaransa na babban kulob yake samu. Sau da yawa dama biyu ce ko uku a wasa guda, in ya ɓarar shi ke nan.

Amma inda sunansa ya kafu shi ne cikin koren riga. Tun 1984 aka tafi da shi gasar kofin ƙasashen Afirka a Kwaddebuwa, inda Kamaru ta ci Nijeriya 3 da 1 a wasan ƙarshe. A 1988 a Maroko ya ci ƙwallo ɗaya, Kamaru ta sake tare hanya a wasan ƙarshe. A shekarar nan ya je wasannin Olamfik na birnin Seoul. A 1990 a Aljeriya masu masauki suka yi wa Nijeriya 5 da 1 a wasan farko, kowa ya ce an gama. Rashidi ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo, ya ci Kwaddebuwa ɗaya tilo, ya ƙara ɗaya a ragar Zambiya, sai ga Nijeriya a wasan ƙarshe, ko da yake Aljeriyar ce ta sake yin nasara da 1 da nema. A 1992 a Sanigal ya ci huɗu, ba wanda ya kai shi, Nijeriya ta zo ta uku. Shekara takwas ke nan ana kai wa bakin rijiya ana komowa da ƙishirwa.

Shekarar 1993 da ta 1994 su ne ganiyarsa. A wasannin neman shiga gasar kofin duniya ya ci ƙwallo takwas a ƙarƙashin mai koyarwa Clemens Westerhof, har Nijeriya ta sami shiga karo na farko a tarihinta, bayan an tashi 1 da 1 a birnin Aljiyas cikin watan Oktoba, 1993. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1993, shi ne kuwa ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan girma. A Tunisiya cikin 1994 ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddebuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, da aka je bugun daga kai sai gola kuma shi ya buga na ƙarshe da ya raba gardama. Ran 10 ga watan Afrilu Nijeriya ta ci Zambiya 2 da 1 ta ɗauki kofi. Emmanuel Amunike ne ya ci duka biyun a ranar, amma Rashidi aka ba kyautar wanda ya fi kowa ci da ta gwanin gasar baki ɗaya.

Sai ranar da ba a mantawa, 21 ga watan Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas a Amurka. A nan gida dare ya riga ya raba. A manyan birane an taru gaban talabijin, a garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da Fagam kuwa, inda talabijin bai wadata ba a lokacin, rediyo aka kasa wa kunne. Minti 21 da farawa Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Rashidi ya tura ta ragar Balgeriya. Bai ruga wajen 'yan kallo ba. Ya bi ƙwallon cikin raga, ya cusa hannuwansa cikin igiyoyin, ya riƙe su yana girgizawa yana kuka. Wannan ita ce ƙwallon Nijeriya ta farko a gasar kofin duniya. Daniel Amokachi, shi ma haihuwar Kaduna, ya ƙara ta biyu, Amunike ya cika ta uku. Kada a ɗauka Balgeriyar kanwar lasa ce: ita ce ta fid da Jamus daga gasar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Wannan fili na Dallas yana da wani labari da ya shafi batunmu. A cikinsa ne Bob Hayes, zakaran gudun mita 100 a wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, ya yi shekaru yana wa kulob ɗin Dallas Cowboys wasa a irin ƙwallon Amurkawa, wadda ake jefawa da hannu, aikinsa shi ne ya sheƙa gaba ya cafe. Amurkawa suna da zauren tunawa da gwanayen wannan wasa a garin Canton na Jihar Ohio, wanda aka buɗe a 1963. Shekara da shekaru masu zaɓe suna tsallake sunan Hayes, mutane da yawa kuwa suna ganin ɗaurin da aka yi masa a 1979 kan laifin miyagun ƙwayoyi ne ya jawo. Ya rasu a 2002, sai a 2009 aka shigar da shi. Ashe ko inda aka gina zauren, akan haɗa abin da mutum ya yi a fili da abin da ya same shi bayan ya bar fili, a auna su a mudu ɗaya.

Masu ja da matsayin Rashidi suna da abin faɗa, ba kuwa za mu ɓoye ba. Bai taɓa yi wa wani babban kulob na Ingila ko Italiya wasa ba, bai ɗauki kofin Turai ba kamar yadda Kanu da Finidi suka ɗauka da Ajax a 1995. Ƙwallonsa a gasar kofin duniya ɗaya ce tak. A 1993 ma mujallar France Football, wadda take ba da tata kyautar dabam, Abedi Pele na Gana ta zaɓa. Bayan 1994 kuwa tauraronsa ya dushe da sauri. Ya koma Olympiacos ta Girka bai ji daɗin zama ba, ga ciwon gwiwa, ya je Sporting Gijon ta Sifen bai yi abin kirki ba.

To, amma zauren da muke magana na Nijeriya ne, abin da za a fara dubawa kuwa shi ne me mutum ya yi wa Nijeriya. Ƙwallo 37 ya ci mata cikin wasa kimanin 60. Ya bar wasa wa ƙasa a 1998, har zuwa ƙarshen shekarar 2025 kuma ba wanda ya kamo wannan adadi. A gasar kofin Afirka ya ci 13, saura ɗaya ya kamo Laurent Pokou na Kwaddebuwa wanda yake riƙe da kambi a lokacin da 14. Damar kamo shi kuwa ba a fili ta kuɓuce masa ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta hana Nijeriya zuwa gasar 1996 a Afirka ta Kudu, saboda saɓanin da ya biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa, hukumar Afirka kuma ta hukunta ƙasar da hana ta shiga ta 1998. Gasa biyu ke nan suka wuce shi yana zaune.

Bai daina yawo da takalmansa ba. Ya koma Setubal, ya je Zurich ta Suwizalan inda ƙafarsa ta sake buɗewa, har aka tafi da shi Faransa a 1998 yana da shekara 34. A wasan da aka ci Sifen 3 da 2 a garin Nantes an sako shi daga baya. Daga nan sai Tunisiya, sai Saudiyya, sai Abijan kuma, sa'an nan ya komo gida ya yi wa Julius Berger ta Ikko wasa. A 2005, yana da shekara 41, ya sake sa riga a kulob ɗin Gateway na Abekuta na ɗan lokaci.

Ƙarshen rayuwarsa a Badun ya yi shi, shi kaɗai, nesa da taro da 'yan jarida. Mutum ne da ma mai gudun hayaniya, bai nemi muƙami a hukumar ƙwallo ba, bai bi ƙofofin manya ba, wanda ba ya zuwa fada kuwa ba a cika tunawa da shi ran rabo ba. Jaridu sun yi ta ba da labarin cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi tunani. Ya rasu ran Jumma'a, 4 ga watan Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka kai shi Ira aka yi masa sutura bisa tsarin Musulunci. Allah ya jiƙansa.

Gidajen da Gwamnatin Tarayya ta yi wa 'yan wasan 1994 alkawari, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba waɗanda ba su samu ba, shekara 27 bayan cin kofin. Kafin wannan rana biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor, da Rashidi Yekini, da Thompson Oliha, da Wilfred Agbonavbare, da kyaftin ɗinsu Stephen Keshi.