Duro Ladipo: Ɗan malamin coci da ya kai tarihin Yarbawa dandamalin duniya

Kafin a san wani abu wai shi Nollywood, ƙungiyoyin wasan daɓe ne ke yawo gari-gari a ƙasar Yarbawa, suna ɗora kayansu a bayan babbar mota, su yi wasa a ɗakunan taro da harabar makarantu. Cikin jagororin wannan zamani, uku ne suka fi fice: Hubert Ogunde da Kola Ogunmola da Duro Ladipo.

Ladipo ya bambanta da sauran wajen abin da ya zaɓa ya nuna. Tarihin sarakunan Oyo ya rungume, ya kuma dage a kan cewa da harshen Yarbanci da gangunan Yarbawa za a ba da labarin, ko a gida ko a Turai.

An haife shi a garin Oshogbo, wanda a yau shi ne babban birnin Jihar Osun. Iyayensa sun binne 'ya'ya da dama tun suna jarirai kafin a same shi, abin da Hausawa ke kira wabi. Shi ya sa aka raɗa masa suna Durodola, domin kalmar duro a Yarbanci tana nufin tsaya, wato roƙo ne ga jaririn kada ya bi sahun 'yan uwansa.

Mahaifinsa mai koyar da addini ne a cocin Anglika, amma a cikin danginsu akwai masu bin addinin gargajiya. Don haka yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci ranar Lahadi, yana kuma leƙa bukukuwan dodanni da na kiɗan gargajiya a unguwa.

Bayan ya yi karatun koyarwa, aiki ya kai shi Kaduna a shekarun 1950, inda ya koyar a wata makarantar mishan. A can ne ya shiga harkar wasan kwaikwayo gadan-gadan, har shi da abokansa suka kafa ƙungiya suna shirya wasanni, ciki har da na marubucin Ingila William Shakespeare.

Da ya koma Oshogbo sai ya ci gaba da tsara waƙoƙin coci. A farkon shekarun 1960 ya shirya waƙoƙin bikin Ista, ya shigar da gangar bata da ta dundun a ciki. Dundun 'yar uwar kalangu ce, ita kuwa bata an fi saninta da bautar Shango, abin bautar da Yarbawa ke dangantawa da tsawa. Shugabannin cocin suka ce atafau ba za a kaɗa waɗannan ganguna a wurin ibadarsu ba.

Wannan ƙin amincewa ne ya juya rayuwarsa. Maimakon ya ajiye gangunan, sai ya fita da su waje ya nema musu wani fage. A daidai lokacin ya ƙulla abota da Ulli Beier, wani malami Bajamushe da ke aiki da jami'ar Ibadan, mai sha'awar al'adun Yarbawa.

A shekarar 1962 suka buɗe wata cibiyar fasaha mai suna Mbari Mbayo a gidan su Ladipo da ke Oshogbo. Wasan da aka buɗe ta da shi shi ne Oba Moro, labarin wani Alafin da ya yi niyyar mayar da gadon sarauta tsohon birnin Oyo, sai hakimansa suka tura mutane suka yi shigar fatalwa don su tsorata shi.

Shekara guda bayan haka ya fito da Oba Koso, wasan da ya ɗaukaka sunansa. Ya tattaro labarin ne daga littafin tarihin Yarbawa na Samuel Johnson da kuma bakin dattawa da makaɗa, waɗanda ya zauna da su ya koyi kirari da salon kiɗa na asali.

Wasan ya ba da labarin Shango a matsayin sarkin Oyo mai ƙarfi da zafin rai. Jarumansa biyu, Timi da Gbonka, sun gagare shi, sai ya haɗa su faɗa da fatan su hallaka juna. Dabarar ta juye a kansa, domin Gbonka ya kashe Timi sannan ya dawo ya ce sarki ya sauka. Jama'a suka watse suka bar shi, ya fita daga gari cikin baƙin ciki ya rataye kansa. Mabiyansa kuwa suka ce sam sarki bai rataye kansa ba, sama ya hau, kuma ma'anar sunan wasan ke nan.

Ladipo ne da kansa ke fitowa a matsayin Shango. Mutum ne mai cika ido, ga murya kamar aradu, har wasu masu kallo suka riƙa ɗaukar cewa ba kwaikwayo yake yi ba. Matarsa Abiodun ce ke fitowa a matsayin Oya, matar Shango.

A 1964 ya kai wasan wani babban bikin fasaha a birnin Berlin na Jamus, inda ya samu gagarumar karɓuwa duk da cewa masu kallo ba sa jin Yarbanci. A 1965 ƙungiyarsa ta wakilci Najeriya a bikin fasaha na ƙasashen renon Ingila da aka yi a Birtaniya. Daga baya ya yi rangadi har Amurka da Brazil, inda zuriyar bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa ke girmama sunan Shango har yau.

Wasansa na uku a jerin sarakuna shi ne Oba Waja na 1964. Ya ginu ne a kan wani abu da ya faru a Oyo zamanin mulkin mallaka, lokacin da wani jami'in Bature ya hana wani bafade kashe kansa don raka sarkin da ya mutu, kamar yadda al'ada ta tanada. Wannan labarin ne Wole Soyinka ya sake rubutawa da Turanci a 1975.

Ladipo bai tsaya a dandamali kaɗai ba. Tashar talabijin ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1959 kuma ita ce ta farko a Najeriya, ta riƙa nuna wasanninsa. Shirinsa mai dogon zango, Bode Wasimi, ya shigar da shi gidajen mutanen da ba su taɓa sayen tikitin kallon wasan daɓe ba. Ya kuma fito a Ajani Ogun, fim ɗin Yarbanci da Ola Balogun ya shirya a 1976, ɗaya daga cikin finafinan farko da aka yi da harshen gida suka kawo kuɗi.

Wani gadon da ya bari shi ne mutanen da suka tashi a hannunsa. Jimoh Buraimoh, mai kula da fitilun dandamali a ƙungiyarsa, da Muraina Oyelami, makaɗi kuma ɗan wasa, duk sun koyi zane a Mbari Mbayo, suka zama mashahuran masu zane da aka san su a ƙasashen waje.

Ya mutu a Ibadan ranar 11 ga Maris, 1978, shekara guda bayan ya halarci bikin FESTAC da aka yi a Legas. Masoyansa na ba da labarin cewa an sheƙa ruwa da tsawa a ranar, abin da suka ɗauka alama ce ta alaƙarsa da gwarzon da ya shafe shekara 15 yana kwaikwayo.

Matarsa ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayan mutuwarsa. Har yanzu ana karantar da Oba Koso a sassan nazarin wasan kwaikwayo na jami'o'in Najeriya, kuma gangunan da aka taɓa hana shi kaɗawa sun zama ruwan dare a cocin Yarbawa da dama.