Arthur Coningham, Baƙon Kano na 1925

Duk lokacin da na tashi daga Kano zuwa Alƙahira, nakan tuna da Arthur Coningham, mutumin da ba kasafai muke ambatonsa ba. An haife shi a Brisbane a 1895, ya girma a New Zealand. Abokansa suka laƙaba masa Maori, bakin mutane ya mayar da laƙabin Mary. Mu masu nazarin harshe wannan kaɗai ya ishe mu abin sha'awa.

A ƙarshen Oktoban 1925 ya jagoranci jiragen sojan Ingila uku daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka ratso Sudan da Fort Lamy, suka sauka Kano farkon Nuwamba. Tazarar, a miƙe, ta haura kilomita 3,000. Hanyar Sudan da alhazanmu kan shafe watanni, wasu ma shekaru, suna takawa, shi cikin kwanaki ya keta ta. Ba don alhazai ya yi ba, aikin mulkin mallaka ne. Amma ban ga hujjar mantawa da shi ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci mayaƙan sama a Arewacin Afirka da Turai. A Janairun 1948 ya shiga jirgin Star Tiger a matsayin fasinja. Tsakanin tsibiran Azores da Bermuda jirgin ya ɓace, ba a sake ganinsa ba.