Bernard Fagg: Baturen da ya gano tarihin Nok a jikin mutum-mutumin gonar doya

A shekarar 1943 wani akawu da ke aiki a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, a yankin Kafanchan na yau, ya tsinci wani kai na yumɓu da ma'aikata suka tono daga ƙasa. Ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar dabbobi da tsuntsaye. Kan ya yi kusan shekara yana shan rana da ruwa, kafin manajan ma'adinan ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa Jos, ya nuna wa wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg. Wannan kai, wanda a yau ake kira Kan Jama'a, shi ne mabuɗin binciken da ya sauya abin da duniya ta sani game da daɗewar fasaha a Najeriya.

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ranar 8 ga Disamba, 1915, a unguwar Upper Norwood da ke Landan. Mahaifinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne. Yayansa, William Fagg, ya zama sanannen masanin fasahar Afirka a babban gidan tarihi na Birtaniya. Shi kuwa Bernard ya shiga Jami'ar Kambirij, inda ya karanci harsuna da adabin Girkawa da Rumawan dauri, sannan ya ƙara da ilimin tono kayan tarihi da nazarin al'ummomi.

A zamanin da ya yi karatu, tsohuwar Girka ce ma'aunin da Turawa ke auna kowace wayewa da shi. Ɗalibi yana tashi da sunan Hirodotus, wanda ake wa laƙabi da uban rubutun tarihi, da Sokrates da Aflatun a fagen falsafa, da Sofokilis a wasan kwaikwayo, da Fidiyas wanda ya jagoranci sassaƙe-sassaƙen ginin Fatinon na birnin Atina. Da yawa daga cikin malaman Turai na lokacin sun ɗauka cewa ƙasar da ba ta bar rubutu ba, ba ta da tarihin da za a karanta. Da irin wannan horo Fagg ya iso Jos a shekarar 1939 a matsayin ƙaramin jami'in mulkin mallaka. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Gabashin Afirka a aikin soja, kafin ya dawo bakin aikinsa a Filato.

Da aka ajiye masa kan Jama'a, sai ya tuna da wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu mai kama da na biri, wanda ya taɓa gani a ɗakin ajiya na Ma'aikatar Ma'adinai a Jos. An tono wancan tun shekarar 1928 a filin kuza na Kanar Dent Young, kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham da Hausawa ke kira Jaba. Fagg ya lura cewa salon ginin guda ne, ko da yake wuraren biyu suna da tazara a tsakaninsu. Daga nan ya fahimci cewa abin da ke gabansa aikin wata al'umma ce guda mai tsarin fasaha na kanta, ya kuma raɗa mata sunan ƙauyen da aka fara samun kayanta.

Alamomin salon a bayyane suke ga duk wanda ya dubi kayan. Idanun masu kusurwa uku ne ko kuma kamar rabin wata, an huda ƙwayar ido da hanci da baki, galibi har da kunne. Kan yakan fi ƙarfin jikin girma. Ga kitso da tukkaye iri-iri, ga tsakiya da duwatsun ado jibge a wuya da hannu da ƙugu. An gina su ne da hannu kamar yadda ake gina tukunya, cikinsu fanko, da yumɓun da aka gauraya da tsakuwa, sannan aka gasa. Gasa abu mai girman kan mutum ba tare da ya fashe ba aiki ne na gwani, kuma hudojin nan suna taimaka wa tururi ya fita yayin gashi.

Fagg ya san cewa ba shi ne ke tono ba. Leburorin kuza ne ke cin karo da kayan a cikin yashi da tsakuwar da suke wankewa, kuma kafin zuwansa da yawa an farfasa su an zubar. Saboda haka ya riƙa zagaya wuraren haƙa, yana roƙon masu kamfanoni da ma'aikatansu su riƙa ajiye duk abin da suka gani, su kuma faɗi inda aka samo shi. Ta wannan hanya aka tara kaya masu yawa daga Nok da Jama'a da wasu wurare har zuwa Katsina-Ala a kwarin Binuwai. Rabon da ke cikin wannan bincike na waɗannan ma'aikata, waɗanda littattafai ba su ajiye sunayen mafi yawansu ba, ba ƙarami ba ne.

A 1947 aka naɗa shi mataimakin mai kula da kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray. A 1952 aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda shi ne ya tsaya a kan gininsa, domin kayan da aka tono a ƙasar su zauna a ƙasar, 'yan ƙasa su gan su da idonsu. Shekara guda bayan haka aka kafa dokar kayan tarihi ta 1953, wadda ta hana fitar da su waje sai da izini. A tsakiyar shekarun 1950 ya yi nazarin zanen duwatsu da duwatsun kiɗa na Birnin Kudu, sannan a 1957 ya gaji Murray a shugabancin sashen baki ɗaya.

Tambayar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce shekarun kayan. Abubuwan da aka samu a ramukan kuza ruwa ne ya kwaso su daga mazauninsu na asali ya binne a kwari, don haka da wuya a ce ga lokacin da aka yi su. Da taimakon gwajin sinadarin kabon, wanda ke auna daɗewar itace da gawayi, ya yi ƙiyasin cewa al'adar ta rayu daga kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, zuwa shekara 200 bayanta. A shekarun 1960 kuma ya tona Taruga, kusa da Abuja ta yau, inda ya samu gutsattsarin mutum-mutumi a mazauninsu tare da matoyar narka tama fiye da goma, waɗanda ke cikin mafi daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma.

Ma'anar wannan ƙiyasi ita ce, a ƙarnin da ake gina Fatinon, tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya, Hirodotus kuma yana rubuta tarihin yaƙin Girkawa da Farisa, akwai maginan yumɓu a tsakiyar Najeriya da ke ƙera fuskar ɗan Adam da ƙwarewa irin tasu. Bambancin da ke tsakani shi ne Girkawa sun bar rubutu, shi ya sa aka san sunayen gwanayensu da abin da suka yi imani da shi. Mutanen Nok ba su bar harafi ko ɗaya ba. Ko sunan da suke kiran kansu da shi ya ɓace. Ƙasar da ta rufe kayansu ita ce kaɗai littafinsu.

A 1963 Fagg ya koma Ingila ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Oksfod. A wannan shekarar ce wani babban malamin tarihi na jami'ar, Hugh Trevor-Roper, ya yi iƙirarin cewa Afirka ba ta da tarihin koyarwa in ban da na Turawan da suka shigo ta, alhali shaidar da ke ƙaryata shi tana jere a Jos tun shekara goma da suka gabata. Rashin lafiya ya raunana Fagg, ya yi ritaya a 1975, amma ya fitar da littafinsa kan mutum-mutumin Nok a 1977. 'Yarsa Angela ta bi sahunsa, ta tona wurin da ake kira Samun Dukiya a kwarin Nok. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71.

Binciken da ya biyo baya ya gyara lissafinsa. Masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin jagorancin Peter Breunig, sun fara aiki a yankin a 2005 tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sun nuna cewa al'adar ta faro tun kimanin 1500 kafin Miladiyya, ginin mutum-mutumin kuma ya bayyana wajen 900, wato ya girmi zamanin Sokrates da ɗaruruwan shekaru. Sun kuma gano cewa mutanen manoman gero da wake ne.

Sai dai sunan da Nok ta yi ya jawo mata ɓarna. Tun daga shekarun 1990 masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka afka wa wuraren tarihi a kudancin Kaduna da maƙwabta, dillalai suna fitar da kayan zuwa kasuwannin Turai da Amurka. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗarin sata, a shekarar da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu da aka baje a gidan tarihi na Louvre a Faris. Mai haƙa yakan karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya zubar da gawayi da fasassun tukwanen da ke kewaye da kayan, alhali su ne ke faɗin shekarunsa da amfanin da aka yi da shi.

Abin da Fagg ya shafe rayuwarsa yana nanatawa ke nan: a san inda aka samo abu, a rubuta, a bar shi a ƙasarsa. Kan Jama'a ya tsira ne saboda an iya bin sawunsa daga gonar doya zuwa ramin da ya fito. Duk wanda aka tono a ɓoye aka sayar, ko da ya ƙare a cikin gilashi a wani babban birni, labarin da zai ba jikokin ƙasar ya riga ya salwanta.